Katalin Karikó da Mizanin Ambato: Nazarin Aikin da Ƙididdiga Ta Makara Wajen Ganinsa

A watan Agusta na shekarar 2005 mujallar Immunity ta buga wata muƙala kan mRNA, sinadarin da daga baya aka gina rigakafin korona a kansa, mai ɗauke da sunayen mutum huɗu, sunan Katalin Karikó a farko, na Drew Weissman a ƙarshe, su biyun kuma suna aiki ne a Jami'ar Pennsylvania da ke Filadelfiya a Amurka. Kafin muƙalar ta isa can, manyan mujallun Nature da Science sun riga sun mayar da ita. Weissman ya sha ba da labarin cewa a lokacin ya tabbatar wa abokiyar aikinsa cewa da zarar an karanta abin da suka gano, masu bincike da kamfanonin magunguna za su yi ta kiransu a waya, amma da muƙalar ta fito sai aka ji shiru kamar an shuka dusa. Shekara goma sha takwas bayan haka, a ranar 2 ga Oktoba 2023, kwamitin Nobel ya ba su kyautar fannin likitanci, ya kuma sa wannan muƙala a sahun farko cikin ayyuka uku da ya dogara da su. Wannan nazari yana bin diddigin abin da ya faru tsakanin waɗannan lokuta biyu da kuma kafin su, domin a ga abin da ma'aunan da jami'o'i ke auna masu bincike da su suka iya gani a aikin wannan mata, da abin da ya kuɓuce musu.

Yadda ake auna mai bincike

Idan masani ya rubuta muƙala, yakan jero ayyukan da ya dogara da su, kowane suna da ya shiga wannan jeri kuma ana ƙirga shi a matsayin ambato ɗaya. Eugene Garfield ne ya kawo shawarar tattara waɗannan ambato a shekarar 1955, kundinsa na farko da aka riƙa fitarwa a kai a kai kuma ya soma a 1964. A yau rumbunan bayanai irin su Web of Science da Scopus da Google Scholar ne ke wannan ƙirga. Daga cikinta aka fitar da ma'auni biyu da suka fi tasiri a rayuwar masu bincike. Na farko shi ne ma'aunin tasirin mujalla, wanda ke duba yawan ambaton da muƙalun mujallar na shekara biyu da suka wuce suka samu a bana, a raba da adadin muƙalun. Na biyu shi ne ma'aunin h, wanda masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, shekarar da muƙalar Karikó ta fito: idan aka ce ma'aunin h na mutum 20 ne, to yana da muƙalu 20 da kowacce aka ambace ta aƙalla sau 20. Akwai kuma ma'auni na uku wanda ba a cika kiransa da wannan suna ba, alhali ya fi sauran ƙarfi a makarantun koyon likitanci na Amurka, wato yawan kuɗin tallafin bincike da mutum ya jawo wa jami'arsa. Ukun suna ciyar da juna, domin tallafi ne ke ɗaukar ma'aikata, ma'aikata su yawaita muƙalu, muƙalu su jawo ambato, ambato kuma ya sauƙaƙa samun tallafi na gaba.

Daga Szeged zuwa rage matsayi

An haifi Karikó a 1955 a garin Szolnok na ƙasar Hangari, ta girma a ƙaramin garin Kisújszállás inda mahaifinta ke sana'ar fawa. Ta sami digirin digirgir a Jami'ar Szeged a 1982, ta ci gaba da aiki a cibiyar binciken halittu ta garin har zuwa 1985, lokacin da kuɗin ɗakin gwaje-gwajensu ya yanke. Ta tafi Amurka da mijinta da 'yarsu mai shekara biyu, da kimanin fam 900 na kuɗin motar da suka sayar, wanda suka ɗinke a cikin 'yar tsanar yarinyar saboda dokar ƙasar ta hana fita da kuɗi mai yawa. Ta fara aiki a Jami'ar Temple, sannan a 1989 ta koma Jami'ar Pennsylvania, inda ta yi aiki da likitan zuciya Elliot Barnathan.

Abin da ta sa a gaba tun daga lokacin shi ne mRNA. A cikin kowace ƙwayar halitta, DNA ce ke riƙe da umarnin gina furotin, amma ba ta barin mazauninta. mRNA ne ɗan aiken da ke kwafo umarnin ya kai shi inda ake ƙera furotin, sannan jiki ya rushe shi bayan ɗan lokaci. An gano shi a 1961, an kuma iya haɗa shi a ɗakin gwaji tun tsakiyar shekarun 1980. A 1990 Jon Wolff da abokan aikinsa a Wisconsin suka nuna cewa idan aka yi wa ɓera allurar mRNA a tsoka, tsokar takan ƙera furotin ɗin da saƙon ya umarta. Tunanin Karikó shi ne a mai da wannan hanyar magani, a aika wa jiki saƙo ya haɗa wa kansa furotin ɗin da yake buƙata. Mafi yawan masana a lokacin sun karkata ga amfani da DNA, suna ganin mRNA abu ne mai saurin lalacewa, mai wuyar shigarwa cikin ƙwayar halitta, wanda kuma furotin ɗin da yake samarwa bai taka kara ya karya ba. Ba a kan son rai suka faɗi haka ba, domin a wancan lokacin duk waɗannan matsaloli na gaske ne.

Ta yi ta rubuta takardun neman tallafi ana mayar mata da su. A 1995 jami'ar ta ba ta zaɓi tsakanin barin aiki da amincewa da rage matsayi da albashi, tare da cire ta daga layin da ke kai mutum ga kujerar farfesa. Wannan ya zo ne a shekarar da ta shiga fargabar cutar daji, mijinta kuma ya maƙale a Hangari saboda matsalar biza. Ta zaɓi ta zauna. Abin lura a nan shi ne ba a tuhume ta da kuskure a bincike ba, ba a kuma ce sakamakonta ƙarya ne ba. An duba ma'auni na uku ne, aka ga babu kuɗi a ƙarƙashin sunanta. Har ta bar jami'ar ba ta taɓa jagorantar babban tallafin nan na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka da ake kira R01 ba, wanda shi ne ake ɗauka a matsayin shaidar cewa mai bincike ya tsaya da ƙafafunsa. Da Barnathan ya koma wani kamfani, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa David Langer ne ya nema mata wurin zama a sashensu. Mutanen da suka riƙe ta a waɗannan shekaru duk waɗanda suka tsaya kusa da teburinta ne suka ga yadda take aiki, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san kima.

Abin da muƙalar 2005 ta ƙunsa

Weissman ya zo Pennsylvania a 1997 bayan ya yi aiki a ƙarƙashin masanin garkuwar jiki Anthony Fauci, yana neman hanyar haɗa rigakafin cutar ƙanjamau. Sun haɗu ne a wajen injin fotokwafi inda kowannensu ke zuwa kwafar muƙalu. Shi masanin garkuwar jiki ne, ƙwarewarsa kuma tana kan ƙwayoyin dendiritik, wato masu gadin da ke tsintar baƙon abu su nuna wa sauran rundunar garkuwa. Ita kuma ta iya haɗa mRNA fiye da kusan kowa a wurin. Da suka zuba mRNA ɗin da ta haɗa a kan waɗannan ƙwayoyi, sai suka ga ƙwayoyin sun ɗauke shi a matsayin maƙiyi, suna fitar da sinadaran da ke haddasa kumburi. Ga Karikó wannan mummunan labari ne, domin ba a yi wa mai ciwon zuciya ko mai shanyewar ɓarin jiki magani da abin da zai tayar masa da kumburi.

Sun shafe shekaru suna neman dalilin. Amsar ta ɓullo ne daga abin da suka sa a gwajin don kwatance kawai. Sun gwada RNA iri daban-daban, sai suka lura cewa na bakteriya yana tayar da garkuwa sosai, amma wani nau'i na jikin dabbobi masu shayarwa da ake kira tRNA bai tayar da komai ba. Abin da ya bambanta tRNA shi ne da yawa daga cikin tubalan da aka gina shi da su jiki ya yi musu ƙananan gyare-gyare bayan an haɗa su. RNA yana da tubali huɗu, ɗaya daga ciki shi ne yuridin. Akwai kuma wani ɗan'uwansa mai suna sudoyuridin, wanda sinadaransu ɗaya ne, sai dai mahaɗin da ya riƙe sassansa biyu ya bambanta. Karikó ta riƙa haɗa mRNA da tubalan da aka gyara ɗaya bayan ɗaya, har suka nuna cewa idan aka sauya yuridin da irinsa da aka gyara, na'urorin gadi na ƙwayar halitta, musamman waɗanda ake kira TLR7 da TLR8, ba sa ɗaga ƙararrawa. Wannan ne saƙon muƙalar: garkuwar jiki tana bambance RNA na gida da na baƙo ta hanyar waɗannan gyare-gyare, kuma ana iya yi wa RNA na ɗakin gwaji shigar 'yan gida.

Ba su tsaya nan ba. A 2008 suka nuna a mujallar Molecular Therapy cewa mRNA mai sudoyuridin yana samar da furotin mai yawa fiye da wanda ba a gyara ba. A 2010 suka bayyana ɗaya daga cikin dalilan, wato ba ya kunna wani sinadari mai suna PKR wanda ke dakatar da ƙera furotin idan ƙwayar halitta ta yi zargin bairas ya shigo. A 2011 suka nuna yadda ake tace mRNA a cire gurɓatattun zaruruwa masu ninki biyu da ke ƙara tayar da garkuwa, a 2012 kuma suka yi wa ɓeraye da birai allurar mRNA na sinadarin da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini, ya yi aiki. Duk wanda ya bi waɗannan muƙalu a jere zai ga mutane ne da ke kawar da cikas ɗaya bayan ɗaya a kan hanya guda, ba masu tsalle daga wannan batu zuwa wancan ba.

Dalilin da ya sa ƙididdiga ba ta gani ba

Ya kamata a yi adalci a nan, domin labarin da ake yawan bayarwa yakan wuce gona da iri. Immunity babbar mujalla ce a fagen garkuwar jiki, kuma masu nazarin yadda jiki ke gane RNA sun ambaci muƙalar tun shekarunta na farko. Ba a binne ta ba. Abin da ya faru shi ne an karanta ta a matsayin bayani kan na'urorin gadi na ƙwayar halitta, ba a matsayin mabuɗin sabon nau'in magani ba, saboda masu ƙoƙarin mai da mRNA magani a duniya a lokacin ba su da yawa. Ambato kuwa daga hannun masu rubutu yake fitowa. Idan mutum ɗari ne ke aiki a fage, ko da dukansu sun yarda da kai, ambatonka ba zai kai na wanda ya yi matsakaicin aiki a fagen da mutum dubu goma ke ciki ba. Saboda haka adadin ambato ya fi nuna yawan jama'ar da suka riga suka taru a kan tambaya fiye da nauyin amsar da aka bayar.

Sai batun lokaci. Ma'aunin tasirin mujalla ya ƙirga ambaton da muƙalar 2005 ta samu ne a 2006 da 2007 kawai, bayan nan ta fita daga lissafinsa. Amfaninta na zahiri kuwa ya bayyana ne a 2020. Masana ƙididdigar ilimi sun san da irin wannan tun da daɗewa, har Anthony van Raan na Jami'ar Leiden ya yi rubutu a 2004 kan muƙalun da ke yin dogon barci kafin wani ya tashe su. Ma'aunin h ma bai fi dacewa da mutum irin Karikó ba, domin muƙala ɗaya, ko an ambace ta sau dubu biyar, maki ɗaya tak take ƙara masa. Yana fifita shugaban babban ɗakin gwaji da sunansa ke fitowa a muƙalu da dama kowace shekara a kan wadda ke tsaye da kanta a gaban kwalabe tana maimaita gwaji ɗaya har sai ta gamsu.

Akwai kuma hanyar da tasirin aikin ya bi wadda ƙirgar ambato ba ta bi ta can. A 2010 Derrick Rossi da abokan aikinsa a Harvard suka yi amfani da mRNA da aka gyara wajen mayar da ƙwayoyin fata su koma ƙwayoyin asali masu iya zama kowane sashe na jiki, kuma daga wannan aiki aka kafa kamfanin Moderna a shekarar. A Jamus, kamfanin BioNTech na Uğur Şahin da Özlem Türeci yana aiki da mRNA don maganin daji. Karikó da Weissman sun kafa nasu ƙaramin kamfani mai suna RNARx a 2006, amma haƙƙin mallakar fasahar na jami'a ne, ita kuma ta sayar da lasisinsa ga kamfanin Cellscript, wanda daga baya Moderna da BioNTech suka biya miliyoyin daloli don samun izini ta hannunsa. Kamfani ba ya buga duk abin da ya gano, yakan ma ɓoye shi da gangan. Ke nan a daidai shekarun da aikin Karikó ya fi tasiri a ɗakunan gwajin kamfanoni, ƙaramin kaso ne na wannan tasiri ke bayyana a rumbunan ambato. A 2013 aka karɓe wurin aikinta a jami'ar, ta karɓi tayin Şahin ta koma birnin Mainz a matsayin mataimakiyar shugaban kamfanin.

Shekarar 2020 da abin da ya biyo baya

An fitar da jerin tubalan ƙwayar cutar korona a watan Janairu 2020, a tsakiyar Maris kuma Moderna ta fara gwajin rigakafinta a jikin mutane. Gwajin Pfizer da BioNTech ya ƙunshi mutum sama da 43,000, kuma cikin mutum 170 da suka kamu da cutar, 162 daga rukunin da aka yi wa allurar da ba magani a ciki suke, takwas kawai daga rukunin rigakafi, wato kariya ta kashi 95 cikin ɗari. Ta Moderna ta ba da kimanin kashi 94. Birtaniya ta amince da ta Pfizer da BioNTech ranar 2 ga Disamba 2020, Amurka ta biyo baya ranar 11 ga watan. Dukkan rigakafin biyu an gina su ne da wani nau'in sudoyuridin da aka ƙara wa gyara. Kamfanin CureVac na Jamus, wanda ya yi amfani da mRNA da ba a sauya tubalinsa ba, ya sami kariya ƙasa da kashi 50 cikin ɗari a 2021, ya kuma janye rigakafin. Wannan kwatance yana da ƙarfi, ko da yake ba hujja ce yankakkiya ba, tun da adadin da CureVac ya sa a kowace allura ya fi ƙanƙanta, kuma ya yi gwajinsa ne bayan sababbin nau'o'in cutar sun bazu.

Daga nan ambaton muƙalun Karikó ya yi tashin gwauron zabo, har na muƙalar 2005 ya shiga dubbai. Babu harafi ɗaya da ya sauya a cikinta tun ranar da aka buga ta. Abin da ya sauya shi ne dubban masu bincike sun shigo fagen a lokaci guda, kowannensu kuma yana buƙatar ya ambaci tushen abin da yake aiki a kai. A ganina wannan ne ya fi komai muhimmanci a lamarin, domin ƙididdigar da a yau ke tabbatar da girman aikin ta zo ne bayan an riga an yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane allurar, lokacin da babu wanda ke buƙatar ta don ya yanke hukunci. A 1995 da 2013, lokutan da hukuncin ya shafi albashinta da wurin aikinta, ba ta ce komai ba.

Tarin ambaton na yanzu ma yana iya ruɗar mai karatu ta wata fuskar, ya sa ya zaci mutum biyu ne suka haɗa rigakafin. Ba don ƙananan ƙwayoyin maiƙo da ke lulluɓe mRNA su shigar da shi cikin ƙwayar halitta ba, waɗanda Pieter Cullis da wasu a Kanada suka shafe shekaru da dama suna gyarawa, da jini ya rushe saƙon kafin ya isa. Haka nan Barney Graham da Jason McLellan da abokan aikinsu ne suka nuna a 2017, a kan cutar MERS, wadda ita ma daga dangin korona take, yadda sauya tubali biyu ke tsayar da furotin mai kama da ƙaya na ƙwayar cutar a siffar da garkuwa ta fi buƙatar gani. Norbert Pardi, wanda shi ma ɗan Hangari ne, ya jagoranci aikin 2017 da ya nuna cewa allura ɗaya ta mRNA tana kare ɓeraye da birai daga cutar Zika. Ambato yakan taru a kan sunan da ya riga ya yi fice, kyautar Nobel kuma ba ta wuce mutum uku, don haka duka biyun suna taƙaita aikin jama'a da yawa zuwa 'yan sunaye.

Ba daidai ba ne kuma a ɗauki wannan lamari a ce duk wanda ba a ambatonsa wata Karikó ce da ba a gano ba. Mafi yawan muƙalun da ba a ambata ba, babu abin da zai tashe su, kuma kwamitin da ke raba kuɗi kaɗan tsakanin masu nema da yawa dole ya dogara da wani abu. Sanarwar San Francisco kan tantance bincike, wadda aka tsara a ƙarshen 2012, ba ta ce a daina ƙirga ba; ta nemi a daina amfani da ma'aunin mujalla a madadin karanta aikin mutum. Wanda ya karanta muƙalun 2005 da 2008 da 2011 da idon basira zai iya ganin cewa matsalolin da aka ce sun hana mRNA zama magani ana warware su ɗaya bayan ɗaya, kuma Rossi da Şahin sun gani, domin sun karanta. Karatun irin wannan yana cin lokaci, yana kuma buƙatar wanda ya san fagen, shi ya sa hukumomi ke guje masa su koma ga lamba.

Karikó da Weissman sun karɓi allurar BioNTech tare a Jami'ar Pennsylvania ranar 18 ga Disamba 2020. Kyautar Lasker ta binciken likitanci ta zo a 2021, wasu da dama suka biyo baya, jami'ar kuma ta sami kuɗi mai ɗimbin yawa daga haƙƙin mallakar fasahar da su biyun suka ƙirƙira. Ranar da aka sanar da kyautar Nobel, takardar kwamitin ta gabatar da Weissman a matsayin farfesa mai kujera kuma daraktan cibiyar binciken RNA a Pennsylvania. Ita kuwa Karikó, takardar ta gabatar da ita a matsayin farfesa a Jami'ar Szeged, inda ta yi karatu, kuma farfesa ta haɗin gwiwa, ba mai cikakkiyar kujera ba, a jami'ar da ta rage mata matsayi shekara ashirin da takwas kafin nan.